Ɗan Hakin da Ke Bayan Lamba

Madatsar ruwa ta Three Gorges da ke kan kogin Yangtze a ƙasar Sin, wadda ta fi kowace tashar lantarki ta ruwa girma a duniya, an gina ta ne don ta iya ba da 22,500 MW, wato megawat 22,500. A ce mai rubutu yana sauri, yatsansa ya zame, ya sa ƙaramin m a gurbin babba, abin ya koma 22,500 mW. Shi ke nan, ya rushe madatsar ba tare da ya ɗauki ko guduma ba. Abin da ya bar mana wat 22 da rabi ne, wanda ba zai ɗumama dutsen guga ba, iyakarsa ya kunna ƙwan fitila biyu irin na zamani. Ƙaramin m mili ne, kashi ɗaya cikin dubu. Babban M mega ne, ninki miliyan. Tazarar da ke tsakaninsu biliyan ɗaya ce cur, kuma babu abin da ke riƙe da wannan tazara sai tsayin baƙi.

Waɗanda muke zama tare sun gaji da mitata a kan wannan. Da sun ga na ƙura wa kwalin caja ido, ko na ja layi a ƙarƙashin wani "Kwh" a jarida, inda kWh ya kamata a rubuta, sai su ce, "Haba malam, ai an gane abin da ake nufi, duk kanwar ja ce." Nakan tambaye su ko za su yarda a rubuta kafa a inda ake nufin ƙafa, ko bari a inda ake nufin ɓari. Mai karatun Hausa ya san 'yar lanƙwasar da ke kan baƙi tana da aiki. Mai karatun ajami ma ya san ɗigo ɗaya a ƙasa ba ne, ɗigo biyu a sama ta ne, alhali gangar jikin harafin ɗaya ce.

Sai dai su ma suna da amsa, kuma amsar tana da nauyi. Idan aka rubuta "ya karye a kafa", babu wanda zai rikice, don sauran jimlar za ta gyara kuskuren. Gaskiya ne. To amma da aka ce an gane, wa ya gane? Injiniyan da ya ga an ce tashar lantarki tana ba da 500 mW zai yi murmushi ya gyara a zuciyarsa, don ya san girman tasha. Wanda bai san girman tasha ba, bai san abin da batir ke iya ɗauka ba, bai san ko lambar da ke gabansa mai yiwuwa ce ko tatsuniya ba, shi ba shi da abin da zai gyara da shi. A magana ta yau da kullum kowa gwani ne, saboda haka kowa yakan cike giɓi da kansa. A harkar lantarki yawancinmu baƙi ne. Shi ya sa nake ganin ƙa'idar rubuta waɗannan alamomi ta fi amfanar wanda bai sani ba a kan wanda ya sani. Gwani zai iya rayuwa da rubutun ganganci. Mai saye, da ɗalibi, da mai sauraron labarai, su ne rubutun ganganci yake cuta.

Kuma ƙa'idar ba wuya gare ta ba. A shekarar 1881 masana lantarki suka taru a birnin Paris suka amince da sunayen da muke ji har yau, wato om, bolt, amfiya, kulom da farad, dukkansu sunayen mutane da aka karrama. Bolt daga Alessandro Volta ne, ɗan Italiya da ya haɗa batir na farko a 1800. Amfiya daga André-Marie Ampère na Faransa. Om daga Georg Ohm na Jamus, wanda ya wallafa dokarsa a 1827. Farad daga Michael Faraday na Ingila. Daga baya aka ƙara wat don James Watt mai injin tururi, da jul don James Joule, da hats don Heinrich Hertz. A 1948 babban taron awo na duniya ya yanke cewa alamar ma'auni da ƙaramin baƙi ake rubuta ta, sai fa idan daga sunan mutum aka ciro ta, to sai ta fara da babba, kuma ba a sa mata aya a bayanta. A 1960 aka tattara komai wuri guda aka kira shi tsarin SI, wanda ofishinsa ke garin Sèvres kusa da Paris.

Idan ka riƙe wannan ka riƙe mafi yawan abin. V da A da W da F da J manya ne saboda mutane ne. Mita m ce, sakan s ne, giram g ne, don babu wani Malam Mita ko Malam Sakan da aka karrama. Hz tana da baƙi biyu saboda H ita kaɗai ta riga ta zama ta henri, ma'aunin da aka sa wa sunan Joseph Henry na Amurka. Baƙin farko babba, na biyu ƙarami. Ƙaramin s sakan ne, babban S kuwa simens, ma'aunin sauƙin ratsawar wuta, saboda haka wanda ya rubuta 10 mS yana nufin lokaci ya faɗi wani abu daban bai sani ba. Om ce kaɗai ta fita daga layi, aka ba ta harafin Girkanci Ω, kuma duk wanda ya gwada rubuta 10 O ya ga yadda take komawa 100 zai gode wa wanda ya yi wannan dabara. Lita ma ta samu rangwame a 1979, aka yarda a rubuta ta da babban L duk da ba sunan kowa ba ce, saboda ƙaramin l yana kama da lamba 1. Ka ga masu ƙa'idar ba masu taurin kai ba ne. Duk inda suka hango rikici sukan kauce masa.

Ɗafa-goshin kilo ne ya fi ba mutane wahala, kuma ina tausaya musu. Mega babba ce, giga babba ce, tera babba ce, to me ya sa kilo, da ita ma ninkawa take yi, za ta zama ƙarama? Dalilin tarihi ne kawai. Kilo tsohuwa ce, tun ƙarshen ƙarni na 18 take tare da tsarin mita na Faransa, ta zo da ƙaramin k ɗinta aka bar ta da shi. Babban K kuma yana da mai shi, wato kelbin, ma'aunin zafi. Da ni aka tambaya tun farko, da wataƙila na zaɓi wani tsari. Ba a tambaye ni ba, kuma amfanin yarjejeniya shi ne kowa ya ajiye son ransa. Saboda haka kW, kV, kVA, kWh: ƙaramin k, sauran kowa da matsayinsa, h ta awa ƙarama a ƙarshe.

Akwai abin da na daɗe ban gane ba, da na gane shi kuwa sai sauran suka zo da sauƙi. W ba taƙaitacciyar kalma ba ce irin yadda muke rubuta Alh. ko Dr. Alama ce kamar + ko lamba 7. Suna na harshe ne, kowane harshe ya furta shi yadda bakinsa ya iya. Mutanen Sifaniya vatio suke ce wa wat, voltio suke ce wa bolt, amma idan suka zo rubuta alama W da V suke sawa kamar kowa. Jamusawa da babban baƙi suke fara sunan, don haka dokar rubutunsu ta ce a yi wa kowane suna. Turawan Ingila da ƙarami suke farawa, don a bambanta mutumin da ma'aunin. Mu kuma da babu v a baƙaƙenmu, babu laifi mu ce bolt mu rubuta bolt. Abin da ba mu da izinin taɓawa shi ne alamar. Wanda ya ce tunda bolt muke cewa bari ya rubuta 12 B, ya fita daga cikin jama'ar duniya ya koma yana magana da kansa. Daga nan ne kuma aka san cewa alama ba ta da jam'i. Babu 60 Ws, babu 5 Amps, babu 12 Vs. Wannan s da ake liƙawa sakan ce a idon mai lissafi, kuma Ws wat ne sau sakan, wato jul, wani ma'auni daban.

Hausa tana da nata ƙaramin rikicin a nan wanda ban ga ana tattaunawa ba. Mu suna muke fara faɗa sannan lamba: wat 60, bolt 12, megawat 500. Alama kuwa bayan lamba take zuwa, da ɗan fili a tsakani: 60 W, 12 V, 500 MW. Sai ka ga marubuci ya haɗa biyun ya rubuta "W 60", ko ya tara su gaba ɗaya, "megawat 500MW". A ganina mafita a fili take. In da kalma za ka rubuta, bi tsarin Hausa. In da alama za ka rubuta, bi tsarin alama, mai karatu kuma zai furta ta da Hausa a bakinsa, kamar yadda yake ganin 25 ya ce ashirin da biyar.

Ba zan ce duk kurakuran nan nauyinsu ɗaya ba. Wanda ya rubuta KW a jikin janareta bai cuci kowa ba, don babu mahalukin da zai ɗauka kelbin-wat ake nufi. Wanda ya manne lamba da alama, 230V, ya yi abin da ba shi da kyan gani ne kawai. Ba na goyon bayan masu ɗaga hanci da ke mayar da irin wannan abin dariya don su nuna sun yi karatu. Abin da na lura da shi dai, hannun da ya saba ganganci da k shi ne yake ganganci da m, kuma idon da ya saba wuce KWH bai tsaya ba shi ne yake wuce abin da ya fi haka muni.

Mafi muni a wurina shi ne haɗa kW da kWh, don nan ba baƙi ne ya ɓace ba, tunani ne ya karkace. Laifin ma harshenmu yana da ɗan kaso a ciki. Kalma ɗaya muke da ita, wuta, ita ce komai. Wuta ta yi ƙasa, wuta ta yi yawa, firji yana jan wuta, mun sha wuta da yawa a watan nan. Magana ta farko da ta biyu bolt ake nufi, ta uku wat ko amfiya, ta huɗu kilowat-awa. Abubuwa daban-daban ne aka sa musu riga ɗaya. Ka ɗauki famfo da tanki. Ƙarfin da ke tura ruwa a cikin bututu shi ne bolt. Yawan ruwan da ke ratsa bututun a kowane sakan shi ne amfiya. In ka ninka su biyun ka sami wat, wato saurin aikin da ake yi a wannan lokacin. Ruwan da ya taru a tanki bayan an daɗe ana zuba, shi ne kilowat-awa. Dutsen guga mai 1,000 W idan ya yi awa ɗaya a kunne ya ci 1 kWh. Ƙwan fitila mai 10 W sai ya yi awa 100 kafin ya ci wannan adadin. Wannan 1 kWh ɗin shi ne yunit ɗaya da mitar gida ke ƙirgawa, shi ake biyan kuɗinsa, kuma daidai yake da jul miliyan 3.6, tunda sakan 3,600 ne a awa.

To idan ka ji a labarai an ce tasha kaza "tana samar da megawat 500 a kowace rana", ka ji magana marar ma'ana da aka faɗa da murya mai daɗi. Kamar a ce mota tana gudun kilomita 100 a awa a kowace rana. Wat ya riga ya ƙunshi lokaci a cikinsa, jul ɗaya ne a kowane sakan. Tasha mai 500 MW in ta yi kwana guda cur tana aiki ba tsayawa za ta ba da 12,000 MWh. In kuwa abin da ta bayar a ranar 500 MWh ne, to matsakaicin ƙarfinta bai kai megawat 21 ba. Wanne ake nufi? Mai karanta labarin bai sani ba, wanda ya rubuta masa bai sani ba, wanda ya ba da sanarwar kuma ya fi son kada a tambaya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, don da irin waɗannan lambobi ake auna alkawarin gwamnatoci da kamfanoni a ko'ina. Ƙarfin da aka girka daban, abin da aka samar a shekara daban. Tashar sola da dare ba ta ba da komai, saboda haka sola mai 100 MW da tashar gas mai 100 MW ba za su ba ka makamashi iri ɗaya a shekara ba. Mai son ya burge jama'a zai faɗi lambar da ta fi girma, ya bar ma'aunin a dunƙule. Ɗan jaridar da ya san bambancin MW da MWh zai ɗaga hannu ya yi tambaya ɗaya ta warware komai.

Ƙanwar wannan kuskure ita ce kW/h, mai karan tsaye a tsakiya. Ina jin kamanceceniya da km/h ce ta haife ta. Amma kama da wane ba wane ba ne. Karan nan rabawa yake nufi, kilowat-awa kuwa ninkawa ce, kilowat sau awa. Na taɓa ganin kW/h a takardar da ta zo cikin kwalin wata inbata, an buga ta da kyau a kan takarda mai sheƙi, na ce a raina idan masu ƙera abin ba su damu ba, wa zai damu?

Batir kuma nasa rikicin daban ne. Za ka ji an ce batir mai amfiya 200, alhali 200 Ah ne a jikinsa, amfiya-awa, kuma h ɗin da aka haɗiye ita ce rabin maganar. Wannan ma da sauƙi. Inda ake yi wa mutane wayo shi ne mAh, wato miliamfiya-awa, kashi ɗaya cikin dubu na Ah. Lamba ce mai cika ido, 20,000 mAh, sifili huɗu reras. Amma mAh cajin da batir ke riƙewa take aunawa, ba ta faɗi aikin da zai iya yi ba sai an san bolt ɗinsa. Fawabank mai 20,000 mAh da ƙwayoyin batirinsa ke kan 3.7 V yana ɗauke da 74 Wh, wato wat-awa 74. Batir mai 12 V da 20 Ah, wanda shi ma 20,000 mAh ne daidai, yana ɗauke da 240 Wh, ya ninka na farko fiye da sau uku. Lamba ɗaya, kaya daban. Sannan fawabank ɗin nan idan ya zo ba waya caji a kan 5 V yake fitarwa, saboda haka tun kafin a cire asarar zafi 20,000 ɗin ta koma 14,800. Mai saye ya koma gida yana cewa an sayar masa da jabu, alhali wani lokaci kayan na gaske ne, lambar ce aka faɗa masa rabinta.

Abin lura, inda rai ke cikin haɗari ba a wasa da wannan. Dokar jiragen sama a kan batirin litiyam da Wh aka rubuta ta: har 100 Wh ka shiga da shi cikin jakar hannu, daga nan zuwa 160 Wh sai da izinin kamfanin jirgi. Ba su ce mAh ba, don sun san ba ta isa shaida ba. Shi ya sa za ka ga manyan fawabank da yawa sun tsaya a wajen 27,000 mAh, don in ka ninka da 3.7 V za ka ga ya tsaya dab da 100 Wh. Tunda masana'antu sun iya lissafin Wh idan jirgi ya tilasta musu, me ya hana su rubuta ta da manyan lambobi a gaban kwali maimakon su ɓoye ta a ƙasa da rubutu kamar ƙafar tururuwa?

Haka kVA, wato kilobolt-amfiya, da kW a janareta da inbata. A wutar da ke kai-da-komo, injuna masu nannaɗaɗɗiyar waya kamar firji, fanka da injin tura ruwa sukan sa amfiya ta ɗan yi baya da bolt, sai ya zama ba duk abin da ke yawo a waya ne ke zama aiki ba. kVA ita ce jimlar abin da janareta ke ɗauka, kW kuma abin da ya zama aiki. Janareta da yawa a kan kashi 0.8 ake lissafinsu, wato mai 10 kVA zai ba ka 8 kW. Wanda ya tara wat ɗin kayan gidansa ya samu 10,000, ya je ya sayi 10 kVA yana murna, zai sha mamaki ranar da ya kunna komai. Mai sayarwa bai yi ƙarya ba, kVA ya rubuta. Ya dai san yadda za a karanta.

Masu gyaran rediyo da fanka sun san wata tsohuwar matsala. Kafasita, 'yar na'urar nan da ke riƙe caji na ɗan lokaci, ana auna ta da maikrofarad, kashi ɗaya cikin miliyan na farad, alamarta µF. Da yake harafin µ ba ya kan yawancin allon bugu, tsofaffin masana'antu sun riƙa buga MFD ko mF a jikin kaya suna nufin maikro. A ƙa'idar yau mF milifarad ce, ta ninka µF sau dubu, kuma yanzu akwai kafasitocin da da gaske suke kai wannan girma. Tsohon hannu ya san abin da zai ɗauka. Yaron da ya fara koyo jiya, da littafi a hannu ɗaya da tsohuwar kafasita a ɗaya, wa zai bi? Mutane sun koma rubuta uF, wadda ba ta cikin ƙa'ida amma aƙalla ba ta yaudarar kowa, ni kam na yafe mata. Su dai masu wannan sana'a sun ƙirƙiro dabarar da nake jinjina wa. Maimakon 4.7 kΩ sukan rubuta 4k7, maimakon 4.7 Ω su rubuta 4R7, don ɗigo ƙaramin abu ne, yakan goge a jikin kaya ko ya ɓace a hoton takarda, 4.7 ta koma 47. Ga kuma wani tarkon: a Faransa da Jamus waƙafi ne ke raba cikakkiyar lamba da ɓurɓushinta, saboda haka 1,500 kW a takardar Bajamushe kilowat ɗaya da rabi ne, a takardar Ba'amurke kuwa dubu ɗaya da ɗari biyar.

Wani misali da ke sa ni yin shiru shi ne na'urar da ake sawa a akwatin wutar gida don ta katse wuta idan ta fara bi ta jikin mutum. A jikinta za ka ga 30 mA, wato miliamfiya 30. An zaɓi wannan adadi ne saboda amfiya kaɗan ƙwarai, wadda ba ta kai ko kashi ɗaya cikin goma na amfiya guda ba, tana iya rikita bugun zuciya. Tsawa kuma, irin wadda ke tsaga itace, takan ɗauki kimanin 30 kA, wato amfiya dubu 30. Lamba ɗaya ce, 30, baƙi ɗaya ne ya raba abin da ke ceton rai da abin da ke faɗowa daga sama. Akwai irin wannan na'ura mai 300 mA wadda aikinta kare gini daga gobara, ba kare mutum ba. Wanda ya ɗauka lambobin jikin kaya ado ne, zai iya sa wannan a gurbin waccan, fitilu su kama lafiya lau, babu wanda zai san an yi kuskure sai ranar da yaro ya taɓa waya.

Idan za a ɗora laifi, ba zan fara da mai wayarin ko mai gyara ba. Abin da ya gani a jikin kaya shi ya kwafa. Laifin masu ƙira ne da ke buga KVA da MAH da Kwh a kan kwali, da editocin da ke mayar da kanun labari manyan baƙaƙe gaba ɗaya har mW ta koma MW, da malaman da ke ba ɗalibi cikakken maki don lambar ta yi daidai ko da ma'aunin ya ɓata. Wayoyinmu ma suna da hannu, don da ka rubuta kW a farkon jimla sai su mayar da ita KW su ce sun gyara maka. Sannan akwai waɗanda da gangan suke yi. Wat ɗin da ake bugawa a jikin wasu lasifiku da sunan PMPO ba shi da wata ma'ana tsayayya da kowa ya yarda da ita, shi ya sa za ka ga akwatin da bai fi tafin hannu biyu ba yana da'awar dubban wat. Ƙarfin doki da ake auna na'urar sanyaya ɗaki da injin ruwa da shi, wani doki wat 746 ne, wani 735 da rabi, ya danganta da ƙasar da ta haife shi. Farantin sola kuma Wp ne a jikinsa, ma'ana abin da zai bayar a gwaji, ƙarƙashin hasken wat 1,000 a kan kowace murabba'in mita, farantin yana kan digiri 25. A kan rufin kwano da tsakar rana farantin ya fi haka zafi nesa ba kusa ba, abin da yake bayarwa kuma sai ya ragu. Wannan ƙaramin p ɗin gargaɗi ne, shi ya sa mai talla yake son ya manta da shi.

Saura batun kalmomi. Ban yarda sai mun jira wani kwamiti ya zauna kafin mu raba wa "wuta" aikinta ba. A hira a ci gaba da cewa wuta, ba wanda zai hana. A rubutu kuwa, musamman labarai da littattafan makaranta, ina ganin turin wuta ya dace da abin da bolt ke aunawa, kwararar wuta ta dace da amfiya, turjiya ta dace da om, ƙarfin aiki ya dace da wat, makamashi kuma a bar shi ga jul da kilowat-awa kaɗai. Wani zai kawo waɗanda suka fi waɗannan daɗi, ina maraba da su, muddin kalma ɗaya ba za ta yi aikin biyu a shafi ɗaya ba. Hats ce ta fi ba ni wuya. Tana ƙirga sau nawa wuta ke kai-da-komo a sakan guda, 50 Hz a Turai, 60 Hz a Amurka. Wasu sukan ce mata mita, alhali mita ta riga ta ɗauki kaya ya yi mata yawa: ita ce ta awon tsawo, ita ce akwatin da ke ƙirga yunit, ita ce ta rediyo, ita ce kuma wadda abokaina ke zargina da yi. Ta rediyon ma tsawo ce. Da mai gabatarwa ya ce a kama su a kan mita 49, tsawon zangon igiyar yake faɗa, wanda ya yi daidai da kimanin 6 MHz. Idan tashar FM ta ce tana kan "mita 90", megahats 90 take nufi, kuma tsawon igiyarta bai wuce mita uku da ɗan abu ba. In ta rubuta 90 mHz a allon tallarta, da ƙaramin m, to ta ce igiyarta sai ta yi fiye da sakan 11 kafin ta kaɗa sau ɗaya.